Zaren Kaset da Kunnen Samari: Yadda Matasan Kano da Kaduna Suka Nemi Waƙa Kafin Zuwan Wayar Salula

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar matashi mai son kiɗa da waƙa a biranen Arewacin Nijeriya, musamman Kano da Kaduna, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 2001, shekarar da wayar salula ta shigo ƙasar. Ta bi sawun waƙa tun daga gidan rediyo da sinima har zuwa shagon mai kaset da majalisar samari. Matsayar da ta ɗauka ita ce, ƙarancin waƙa a wancan zamani ya mai da mai sauraro ma'aikaci: shi ke farautar waƙar, shi ke ɗaukarta, shi ke gyara zarenta, shi kuma ke rarraba ta. A cikin wannan aiki ne aka gina kunnen da daga baya ya haifi waƙar finafinan Hausa.

Gabatarwa

Masu nazarin kiɗan Hausa sun yi wa mawaƙi hidima. M. G. Smith ya rubuta a kan roƙo da matsayin maroƙa tun 1957. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tarihinsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka tattara rayuwar Mamman Shata a littafi guda a 2006. Ubangidan mawaƙi ma bai rasa masu ambatonsa ba, tun da sunansa na cikin waƙar.

Wanda aka bari a baya shi ne yaro ɗan shekara 15 da ke tsugune a gindin rediyo. Ba shi da kuɗin yi wa makaɗi kyauta, ba a kiran sunansa a amshi, ba shi da damar shiga otal ɗin da ake wasa. Amma shi ne ya haddace waƙar daga farko har ƙarshe, shi ne ya kai ta unguwar da mawaƙin bai taɓa takawa ba. Ayyukan Brian Larkin da na Farfesa Abdalla Uba Adamu sun buɗe ƙofar duba wannan ɓangare, kuma a kan abin da suka shimfiɗa ne wannan maƙala ta ɗora nata.

Rediyo na mai gida ne

Kano ta san akwatin rediyo tun 1944, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ja wayoyi zuwa lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a da gidajen masu biyan kuɗin haya. Wannan akwati ba shi da abin murɗawa na zaɓen tasha. Abin da aka turo shi za a ji. Rediyo mai batir ne ya canza lamarin. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979.

Abin da ya cika gidaje da na'urori shi ne kuɗin mai. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, da ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975 har da bashin watannin baya, kantuna suka cika da rediyo mai haɗe da rakoda: National Panasonic, Sharp, Sanyo, JVC. Alhazai ma suka riƙa dawowa da su daga Jidda a matsayin tsaraba. A ƙarshen shekarun 1970 naira ta fi dalar Amurka daraja, don haka ƙaramin ma'aikaci na iya sayen rakodar Japan ba tare da ya ci bashi ba.

Sai dai rediyon na mai gida ne. Ana ɗinka masa riga, ana ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma lokutansa a tsare suke: labaran duniya da safe, labaran duniya da dare, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ko na Sheikh Ɗahiru Bauchi in azumi ya zo. Saurayi yana samun nasa rabon ne a tsakanin waɗannan, in mai gida ya tafi kasuwa ko ofis. Saboda haka ya san jadawalin shirye-shiryen tasha kamar yadda ya san lokutan darasi. Ya san a mita 49 ake kama Kaduna a gajeren zango, ya san da dare tashoshin nesa sun fi fitowa sarai, ya san in ya ƙara wa eriya guntuwar waya ya rataya a tagar ɗaki zai kamo Africa No. 1, tashar da ta fara watsa shiri daga Gabon a 1981, inda kiɗan Kwango na su Franco da Tabu Ley ke kwarara. In ya murɗa kaɗan kuma ya faɗa tashar Omdurman ta Sudan, ya ji Muhammad Wardi.

Ba ƙaramin ilimi ba ne wannan, kuma ba a makaranta aka koyar da shi ba. Yaya ne ke koya wa ƙane.

Katin zaɓe

Babu shirin da ya ba matashi murya kamar Zaɓi Sonka. Tsarinsa mai sauƙi ne: ka sayi kati, ka rubuta sunanka da na waɗanda kake gaisarwa da waƙar da kake so, ka aika gidan rediyo, ka jira. Jiran kan kai makonni. Ranar da aka karanta katin, duk unguwa za ta sani, domin ko kai ba ka ji ba wani ya ji, kuma zai tako har ƙofar gidanku ya gaya maka.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo daidai da wannan yayi. Yara masu ɗimbin yawa da iyayensu ba su yi boko ba suka iya rubutu, kuma katin zaɓe na cikin wasiƙun farko da da yawansu suka aika wa wata hukuma. Daga nan ƙungiyoyin 'yan zaɓe suka kafu a garuruwa, da shugabanni da sakatarori da ziyarce-ziyarce. Mutane suka yi suna a faɗin Arewa har Maraɗi da Damagaram ba don sarauta ko dukiya ba, sai don ana yawan jin sunayensu a rediyo. A al'ummar da a da sai mai mulki ko mai arziki ake ambata a bainar jama'a tare da kiɗa, ɗan tela ya samu a kira sunansa kafin a saki Ɗan Maraya Jos, da kuɗin kati kawai. Wannan sauyi ne a tsarin daraja, kuma ya cancanci nazari na musamman.

Katin ya yi wani aikin da ba a rubuta a jikinsa ba. Saurayin da kunya ko tsoron iyaye ya hana shi tsayawa zance yakan cusa sunan yarinya a tsakiyar jerin 'yan uwa da abokai, ya bar waƙar da ya zaɓa ta faɗi sauran.

Daga allon sinima zuwa littafin makaranta

Gidan sinima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, Palace ya biyo a farkon shekarun 1950, sannan su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. 'Yan kasuwa Kwarori, wato Labanawa, su ne suka fara shigo da finafinan Indiya, suka ga sun fi na Amurka da na Larabawa jan jama'a. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982 sun raba samari gida-gida, kowa da jaruminsa. Larkin ya kawo laƙabin da Kanawa suka raɗa wa taurarin: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin.

Zuwa sinima ba abin da uba ke sa wa albarka ba ne, 'yan mata kuwa ba ma a zancen. Talbijin ne ya shigar da fim ɗin cikin gida. Abdalla Uba Adamu ya ƙidaya finafinan Indiya 1,176 da tashar NTA Kano ta nuna tsakanin Oktoban 1977 da Yunin 2003. Idan aka tuna kowane fim na ɗauke da waƙoƙi biyar ko shida, za a ga yawan karin da ya shiga kunnen yaran birni guda cikin shekara 25.

Matsalar ita ce waƙar na wucewa tare da fim. Wanda yake son ta sai ya koma ya sake kallo, ko ya kafa rakoda a bakin lasifikar talbijin ya roƙi kowa ya yi shiru. Daga nan sai aikin rubutu. A bayan littafin lissafi ko na Turanci, ɗalibai kan rubuta baitocin Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi da Kishore Kumar da haruffan boko yadda kunne ya ji su, a tsayar da kaset, a mayar baya, a sake saurare, a yi gardama a kan kalma guda a harshen da babu mai jinsa a ɗakin. Wasu sun wuce nan: sun tsinci Indiyanci daga kallo har suna fassara wa abokai. Nazeer Abdullahi Magoga na Kano ya kai abin ga buga littafin fassarar waƙoƙin Indiya a tsakiyar shekarun 1990.

Manya ma ba su tsira ba. Adamu ya nuna yadda Abdu Yaron Goge na Jos da Ali Makaho suka ari karin Indiya suka zuba masa Hausa, Larkin kuma ya bi ƙungiyoyin bandiri na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda suka ɗauki karin waƙoƙin soyayya suka mai da su begen Annabi. Yaron da ya ji kari a El Dorado daren Asabar yana iya sake jin sa a wurin maulidi, an wanke shi an sa masa wasu kalmomi.

Zare, biro da jan farce

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, aikin wata tawagar injiniyoyi ƙarƙashin Lou Ottens a Beljiyam. An ƙera shi ne don ɗaukar magana, ba kiɗa ba. Abin da ya sa ya mamaye duniya shi ne kamfanin ya bar wasu su ƙera irinsa, kuma ya bambanta da faifan garmaho ta fuska guda mai muhimmanci: faifai saurare kawai ake yi, kaset kuwa ana iya ɗauka a kansa, a shafe, a sake ɗauka. Ga shi ba ya tsoron ƙura da zafi kamar faifai, wanda rana ke lanƙwasawa, yashi ke ƙarcewa.

Saurayin wancan lokaci ya san kaset ciki da waje. C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, wanda ke nufin faifai guda cif zai shiga gefe ɗaya, ko waƙoƙin Indiya takwas zuwa tara. C120 ya fi tsawo amma zarensa siriri ne, rakoda na saurin cinye shi, don haka masu hankali ba sa sayensa. TDK da Maxell da Sony su ne na gaban goshi. Akwai kuma marasa suna masu arha waɗanda ke barin jan datti a kan na'ura bayan 'yan kwanaki.

Ɗaukar waƙa daga rediyo gwaninta ce. Yatsu biyu a kan maɓallai biyu, kunne a kan mai gabatarwa, ana jiran ya rufe baki a danna. Sau da yawa ba ya rufewa sai mawaƙi ya soma, don haka dubban kasusuwa suka adana guntayen gaisuwa da sanarwar lokaci a farkon kowace waƙa. Kafin rakoda mai baki biyu ta yawaita a shekarun 1980, kwafin kaset na nufin a aro rakodar maƙwabci, a kafa ta fuska da fuska da ta gida. Duk abin da ya yi motsi a lokacin ya shiga: carar zakara, sallamar almajiri, kukan jariri, kiran sallar la'asar. Wanda ya ara ya kwafa daga wannan kwafin ya gaji zakaran, ya ƙara nasa.

Ga kuma dabarun lallaɓa kaya. Wutar NEPA ba ta da tabbas, batir kuma kuɗi ne, saboda haka ba a ɓata shi wajen mayar da zare baya. Sai a zura biron BIC mai kusurwa shida a ramin kaset a yi ta juyawa a iska. In batir ya fara mutuwa, injin na rage gudu, muryar Lata ta koma ta namiji, sai a cire batiran a shanya a rana a samu 'yan mintuna. In rakoda ta cinye zare, a zaro shi a hankali da tsinke, a miƙar da shi da yatsa. In ya tsinke, a kwance kusoshi biyar na jikin kaset, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce ko siririn salatif. Wurin zai ci daƙiƙa ɗaya ta waƙar har abada, kuma mai kaset ɗin zai saba da wannan tsallake har ya ji waƙar ba daidai ba in ya same ta cikakkiya a wani wuri. Kan na'ura a goge shi da auduga da ɗigon turare. Kaset ɗin da ake ji da shi a ɓalle masa 'yan haƙoran sama don kada wani ya ɗauki abu a kai. In kuma buƙata ta kama, a toshe ramin da takarda a shafe.

Nan ne rigimar gida ke tashi, ranar da aka gano cewa kaset ɗin wa'azi ko na saƙon murya da ɗan uwa ya aiko daga Makka ya koma na Bob Marley.

Larkin ya yi wata magana da ta dace da wannan wuri. A maƙalarsa ta 2004 ya nuna cewa kowane kwafi yana rage tsabtar sauti ya ƙara shuu, har dusashen sauti ya zama shi ne sautin da aka sani. Yawancin samarin Kano ba su taɓa jin Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a ƙarshen 1982, yadda aka haɗa shi a Los Anjalas ba. Sun ji jikan kwafinsa ne ko tattaɓa kunne. Hakan bai rage musu daɗinsa ba, bai kuma hana su koyon takun rawar a tsakar gida ba.

Sony ta fitar da Walkman a 1979, kuma 'ya'yan masu hali sun riƙe shi. Amma bai zama ruwan dare a nan ba kamar a Turai, kuma ba tsada kaɗai ce ta hana ba. Waƙa a wancan zamani abin majalisa ce. Ana ajiye rakoda a tsakiyar tabarma a ƙofar gida ko a shagon samari, kowa ya kawo kaset ɗinsa, wani ya kawo batir. Wanda ya toshe kunnuwansa shi kaɗai a cikin abokai ya yi abin da ke kama da cin abinci a gaban mutane ba tayi.

Ƙofar Wambai

Ba kowa ke da haƙurin jiran rediyo ba. A Sabon Gari da Bata da sauran wurare a Kano akwai masu kantin kaset da ke da tarin faifai da manyan na'urori. Ka rubuta jerin waƙoƙin da kake so, ka kawo kaset ɗinka ko ka sayi nasu, ka dawo gobe. Mai kanti nagari malami ne: zai ce wannan waƙar ba ta dace ta bi waccan ba, zai cika ragowar mintuna ukun ƙarshe da wata sabuwa da ba ka nema ba, kuma ta haka ne sabon mawaƙi ke shiga unguwa. Lasifikarsa da ke fuskantar titi ita ce jadawalin waƙoƙin da ke tashe.

Cibiyar harkar kuwa kasuwar Ƙofar Wambai ce. Larkin ya bayyana yadda manyan dillalai a can ke samun asali daga Dubai da wasu wurare, su jera na'urori su yi kwafi da yawa, su ba ƙananan 'yan kasuwa bashi bisa amana, su kuma su bazu da kayan a kan kekuna da baro da teburan tasha har Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Tsohuwar hanyar fataucin goro da tufafi ce aka ɗora wa sabon kaya.

A ido na doka wannan satar fasaha ce, kuma ta yi ɓarna ta gaske. Kamfanonin EMI da Decca da Polygram, waɗanda suka buga faifan mawaƙan Nijeriya har da na Shata da Ɗan Maraya, sun rasa kasuwa. Faɗuwar naira bayan shirin SAP na 1986 ta ƙara tsadar kayan aiki, dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta tsayar da komai ba, kamfanonin suka sayar da rassansu suka fice. Mawaƙan zamani masu dogaro da cinikin faifai sun ji jiki, kuma bai kamata a yi wa asararsu kwalliya ba.

Amma lissafin bai zama ɗaya ga kowa ba. Makaɗin Hausa na gargajiya ba daga cinikin faifai yake ci ba. Daga kyautar iyayen gida da gayyatar biki yake ci. Kaset ɗin da ya kai muryar Haruna Uji daga Haɗeja zuwa Agadas, ko ta Barmani Coge daga Funtuwa zuwa zangon Kumasi, talla ya yi musu. Mawaƙan da babu kamfanin Legas da zai kula su, masu kukuma da gurmi da kalangu na ƙauyuka, sun samu shiga kasuwa ta hanyar mutum guda da rakoda a wurin biki. Peter Manuel ya ga irin wannan a arewacin Indiya a littafinsa na 1993, inda kaset ya karya babakeren kamfani guda ya ba waƙoƙin yankuna rai. Ga matashi kuwa, ba don wannan kasuwa ba da bai mallaki waƙa ko ɗaya ba.

Abin da ke cikin kwali

In aka buɗe kwalin kasusuwan ɗan kwaleji na shekarar 1985, abin da za a tarar zai rikita mai son rarraba kiɗa gida-gida. Shata na kusa da Boney M. Musa Ɗanƙwairo na kan Don Williams. Ga Sweet Mother na Prince Nico Mbarga da ya fito a 1976, ga Bongos Ikwue wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Bala Miller na Kaduna da ya ɗora Hausa a kan ƙahoni da jita, ga Ummu Kulthum, ga ƙira'ar Abdul Basit a gefe guda an raba ta da sauran don ladabi. Rasuwar Bob Marley a watan Mayun 1981 ta ƙara wa rege farin jini, Majek Fashek ya ɗora a 1988, ga kuma Lucky Dube da Alpha Blondy. A shekarun 1990 kaset ɗin Sa'adu Bori ya ƙetaro daga Maraɗi ya cika motocin haya.

Wannan cakuɗa ba ruɗewa ba ce. Kowane kiɗa da lokacinsa da wurinsa: disko na daren wasan makaranta, Indiya ta ɗaki da tunanin budurwa, Shata na hanya da majalisa, Ɗanƙwairo na ranar hawan Sallah. Da yawan samarin da suka raina kalangu suna ɗan shekara 16, suna ganin sa kiɗan tsofaffi, su ne suka dawo suna neman Bakandamiyar Shata bayan sun yi aure. Ba daga baya suka koye ta ba. Tana shiga kunnensu tun lokacin, daga rediyon mai shayi da motar kasuwa, ko sun so ko ba su so ba.

Iyaka

Son waƙa yana da shinge biyu. Na farko addini: ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta tsananta suka a kan kiɗa da bukukuwa, kuma ita ma da kaset ta yaɗa wa'azinta, a kan teburin da ake sayar da Disco Dancer. Matasa da yawa sun rayu tsakanin kasusuwan biyu, wasu sun kai ga shafe na kiɗan gaba ɗaya.

Na biyu daraja. Kamar yadda Smith ya nuna, kiɗa sana'ar gado ce mai ƙaramin matsayi a tsarin Hausawa. Yaro na iya haddace Shata, amma ranar da ya ce zai ɗauki kalangu ya zama maroƙi a idon dangi. Takwaransa na Ingila kan sayi jita ya tara abokai su kafa ƙungiya. Ɗan gidan mutunci a Kano ba shi da wannan ƙofa. Duk ƙwazon da zai tafi ga bugawa sai ya tafi ga saurare da tarawa da hadda.

'Yan mata sun fi shiga matsi, amma ba su kasance a waje ba. Rediyon ɗakin uwa na kunne yayin aikin gida, fim ɗin Indiya na talbijin nasu ne fiye da na kowa, kaset na cikin kyautar da saurayi ke aikowa ta hannun ƙane, kuma a makarantun kwana littafin waƙoƙi kan zagaya ɗaki-ɗaki. Suna da nasu filin da maza ba sa shiga, na gaɗa a dandali da amada a cikin gida ranar biki. Ba mamaki da mata suka yi fice a littattafan soyayya na kasuwar Kano da suka ɓullo a tsakiyar shekarun 1980.

Mai sauraro ya zama mai yi

Abin da ya karya shingen daraja na'ura ce. An yi Turmin Danya, fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, a Kano a 1990. A tsakiyar shekarun ne fiyanon Yamaha mai ɗauke da sautuka iri-iri ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti kamar na Iyan-Tama. Fiyano ba kayan gadon kowa ba ne, ba a rataya shi a kafaɗa a bi mai kuɗi, don haka ɗan boko na iya zama a gabansa ba a kira shi maroƙi ba. Waɗanda suka zauna ɗin su ne yaran da suka girma da biro a ramin kaset. Abin da suka fitar ya nuna tarbiyyar kunnensu: namiji da mace suna amsa wa juna kamar Rafi da Lata, bugun na'ura daga disko, sautin sarewa da kalangu na kwaikwayo, kalmomi na Hausar soyayya. Lokacin da waƙar fim ɗin Sangaya ta mamaye gari a ƙarshen ƙarnin, ta hanyar Ƙofar Wambai ta bi, a kan kaset, kafin da yawa su ga fim ɗin.

Shata ya rasu a watan Yunin 1999. Wayar salula ta zo a watan Agustan 2001, gidan rediyon Freedom mai zaman kansa ya buɗe a Kano a ƙarshen 2003, faifan CD ya yi ɗan zamaninsa, sannan katin waya ya kawar da kowa. Abin lura shi ne sana'ar mai kanti ba ta mutu nan take ba: masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre sun gaji aikinsa, suna zaɓa wa mai saye suna cika masa kati.

Wanda yake ɗan shekara 15 a 1980 ya cika 60 a 2025. Yawancin mutanen wannan zamani suna raye, suna tuna komai dalla-dalla, kuma da wuya a samu wanda ya taɓa zama da su da rakoda don wannan batu. Kasusuwan nasu kuwa suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, zaren na manne wa juna saboda zafi da laima, na'urorin da za su juya su na ƙarewa. Sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki a unguwanninsu. Idan za a yi, a nemi kasusuwan gida kafin na kamfani, domin waƙoƙin kamfani akwai su a wasu wurare. A ɗauki kowane kaset ɗungurungum, gefe da gefe, ba tare da yanke muryar mai gabatarwa ko tace hayaniyar gida ba, a ɗauki hoton takardar da aka rubuta jerin waƙoƙi da hannu, sannan a tambayi mai shi wa ya ba shi, a wurin wa aka kwafa, kuma su wa suka ara.